Wane ne Sumner? Yadda ake bin sawun sunan makarantar firamare

A birnin Topeka na jihar Kansas a Amurka akwai wata makarantar firamare ta gwamnati mai suna Sumner. Ginin da ke tsaye an yi shi ne a 1936, an kuma daina karatu a cikinsa a 1996. Nan ne wani baƙar fata, Oliver Brown, ya kai 'yarsa Linda a watan Satumba na 1950 yana neman a saka ta a aji, aka ce masa ba hali, makarantar ta fararen fata ce. Dokar jihar ta 1879 ta ba biranen da mutanensu suka haura 15,000 ikon raba yaran firamare bisa launin fata, Topeka kuwa ta yi aiki da ita: makarantu 18 na farare, huɗu na baƙaƙe. Saboda haka kullum sai Linda ta taka da ƙafa zuwa inda za ta hau bas, bas ta kai ta makarantar Monroe, alhali ga Sumner a unguwarsu. Iyaye 13 suka shigar da ƙara a madadin yara 20 a 1951. Ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Wannan ɓangaren labarin sananne ne. Wanda ba kasafai ake faɗa ba shi ne na mutumin da makarantar ta ci sunansa. Charles Sumner lauya ne daga Boston, daga baya sanata mai wakiltar Massachusetts, an haife shi a 1811 ya rasu a 1874. A 1849 shi da lauya baƙar fata Robert Morris suka tsaya gaban kotu a madadin wata yarinya 'yar shekara biyar, Sarah Roberts, wadda sai ta wuce makarantun farare biyar kafin ta kai tata. Hujjar Sumner ita ce raba yara kansa cutarwa ne, ko da ginin da malaman iri ɗaya ne. Kotu ba ta karɓa ba, suka faɗi a shari'ar, amma a 1855 majalisar Massachusetts ta haramta raba makarantu. Shekara guda bayan haka, a 1856, Sumner ya yi wani dogon jawabi a majalisar dattawa a kan yunƙurin shigar da bauta yankin Kansas, wani ɗan majalisa mai suna Preston Brooks ya same shi a kujerarsa ya yi ta dukansa da sanda har ya suma. Sai da ya shafe kusan shekara uku kafin ya koma aiki sosai. Ashe ƙofar da aka rufe wa Linda Brown tana ɗauke da sunan mutumin da ya sha duka saboda Kansas, wanda kuma ya kai irin ƙararta gaban alƙali shekara ɗari kafin tata. Hukuncin 1954 ma ya ambaci shari'ar Roberts a matsayin tushen aƙidar raba yara da ya zo ya rushe.

Ba kowace makaranta ce ke da labari mai nauyin wannan ba, amma kowace tana da nata, kuma hanyar gano shi ɗaya ce. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun farko shi ne: suna ba ya faɗowa daga sama. Wasu mutane ne suka zauna a wata rana suka yanke shawara, kuma kusan kullum wani ya rubuta. Aikin mai bincike shi ne ya gano su wa, yaushe, kuma don me. Duk abin da aka faɗa kafin a kai ga wannan takarda, komai daɗinsa, zato ne.

Kafin a buɗe ko da littafi ɗaya, a fara tantance wane irin suna ne. Akwai sunan wuri, kamar unguwa, titi, rafi, dutse ko bishiya. Akwai sunan mutum. Akwai lamba zalla. Akwai sunan waɗanda suka kafa makarantar, kamar mishan, kamfani ko ƙungiya. Sai kuma suna mai bayyana matsayi, irin su makarantar tsakiya ko ta gwaji. Kallo ɗaya ba ya isa a raba su, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. A watan Janairu na 2021 hukumar ilimi ta birnin San Francisco ta kaɗa ƙuri'ar sauya sunayen makarantu 44. Cikinsu har da firamaren Alamo, saboda kwamitin da ya tsara jerin ya ɗauka sunan na yaƙin Alamo ne da aka gwabza a Texas a 1836. Masu bin diddigi suka nuna cewa kalmar ta Sifaniyanci ce, sunan wata bishiya ne. Aka ci gaba da tono wasu kurakuran, aka kuma gano cewa kwamitin bai nemi masana tarihi ba. A watan Afrilu hukumar ta janye matakin. Babbar hukuma ce mai kuɗi da ma'aikata, amma ta kasa yin tambayar farko: wannan suna na mutum ne, na waƙi'a ne, ko na wuri?

Akwai kuma sunan da ya biyo ta hannu na biyu. Makarantar Monroe da Linda Brown ta yi tana kan titin Monroe ne, James Monroe kuwa shi ne shugaban Amurka na biyar. A irin wannan hali mai bincike zai fara duba wanne ya riga wani, titin ko makarantar. Idan titi ya riga, mai yiwuwa waɗanda suka raɗa sunan adireshi kawai suke nufi, ba karrama kowa ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin shi ke nuna ko akwai wata niyya da za a nema ko babu. Lamba ma tana da nata tarko. A New York makarantun firamare na gwamnati lambobi gare su, kuma lamba ɗaya tana iya maimaituwa a gundumomin birnin biyar, shi ya sa ake haɗa ta da harafi: M na Manhattan, X na Bronx, K na Brooklyn, Q na Queens, R na Staten Island. Wanda ya manta harafin zai iya kwashe wata guda yana tattara tarihin wata makaranta daban.

Bayan wannan sai a je wurin ginin da kansa, da littafin rubutu da wayar ɗaukar hoto. A ɗauki allon suna gaba da baya. A zagaya a duba dutsen harsashi, saman babbar ƙofa, jikin ƙararrawa, tankin ruwa, bayan tsofaffin kujeru da kabad, domin sau da yawa akan buga musu sunan makaranta na lokacin da aka kawo su. Fenti yana rufe tsohon rubutu amma ba ya shafe tudunsa. Idan aka zo da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan bango daga gefe, ko aka kwantar da tocila a jikin bangon da dare, sai haruffan da ke ƙasa su fito da inuwarsu. Kada a kankare fenti, kada a goge dutse da burushin ƙarfe, kada a cusa alli a cikin haruffa don su fito a hoto. Idan dutsen mai ƙwari ne ba ya marmashewa, a ɗora farar takarda a kai a goga gefen fensir a hankali, rubutun zai bayyana.

Kuskure biyu ake yi da dutsen harsashi. Na farko, sunan da ke kansa yawanci na wanda ya aza shi ne, gwamna ko minista ko shugaban hukuma, ba lalle ne na wanda makarantar ta ci sunansa ba. Na biyu ya fi yaɗuwa: a ɗauki shekarar da ke kan dutsen a ce ita ce shekarar komai. Makaranta tana da ranaku huɗu da ya kamata a raba. Akwai ranar da aka fara karatu, wataƙila a ɗakin aro ko a gindin bishiya. Akwai ranar da aka buɗe ginin da ke tsaye yanzu. Akwai ranar da aka raɗa suna. Akwai ranar da aka sauya shi, in an taɓa sauyawa. Tsakanin ɗaya da ɗaya ana iya samun shekara hamsin. Sumner misali ce: ginin na 1936 ne, amma makarantar da sunanta sun girme shi, sun faro tun ƙarni na 19. Wanda ya tsaya ga 1936 zai shiga neman dalilin da ya sa aka tuna da sanatan shekara 62 bayan rasuwarsa, ya ƙirƙiro amsa ga tambayar da ba ta taso ba.

Daga nan sai ofishin hedimasta. A je da takardar neman izini daga hukumar ilimin da makarantar ke ƙarƙashinta, domin hedimasta mai hankali ba zai miƙa wa baƙo littattafansa haka kawai ba, kuma yana da gaskiya. Abin da ake nema da farko shi ne littafin da malamai ke kira logbuk, wato littafin da shugaban makaranta ke rubuta muhimman abubuwan da suka faru. A Ingila tun 1862 aka wajabta shi a kan makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati, da ƙa'idar cewa abin da aka rubuta ba a goge shi, ba a cire shafi, in akwai gyara sai a yi sabon rubutu a ƙasa. Da dama daga ƙasashen da Ingila ta mulka sun gaji wannan tsari. Wannan ƙa'ida ce ta sa littafin yake da daraja ga mai bincike, don an rubuta shi ne a makon da abin ya faru, kafin kowa ya san abin da za a so a ji daga baya. Bayansa sai rajistar ɗaukar ɗalibai, littafin baƙi, rahoton masu duba makarantu, fayil ɗin wasiƙu, da tsofaffin hotunan aji, musamman waɗanda yaro ke riƙe da ƙaramin allo mai sunan makaranta da shekara.

Ba a karanta waɗannan littattafai daga shafin farko zuwa ƙarshe. Ana matse lokacin ne daga gefe biyu. A nemo takarda ta ƙarshe mai ɗauke da tsohon suna, a nemo ta farko mai ɗauke da sabo. In tazararsu shekara goma ce, a buɗe tsakiya, shekara ta biyar, a ga wane suna ke nan, sannan a sake raba rabin da ya rage. Buɗawa huɗu ko biyar sun isa su mai da shekara goma ta koma 'yan watanni. Sai dai a kula da hatimi da takardun da aka buga a maɗaba'a, domin su kan yi nauyin ƙafa. Makaranta tana iya ci gaba da buga tsohon hatimi shekara ɗaya ko biyu bayan an sauya suna, saboda ba a sassaƙo sabo ba, haka ma takardun shaidar kammalawa da aka buga da yawa sai sun ƙare. Rubutun hannu a saman shafi ya fi su saurin bin canji. In aka ga sabon suna da biro, tsoho kuma a hatimi, a shafi ɗaya, to an iso daidai wurin.

Da zarar an sami watannin, sai a nufi inda aka yanke shawarar. Wace hukuma ce ke da ikon raɗa wa makaranta suna ya danganta da ƙasa. A Amurka hukumar ilimi ta gunduma ce, a Faransa majalisar gari ce ke sa wa firamare suna, a wasu ƙasashe ma'aikatar ilimi ko gwamnatin yanki. A nemi rubutaccen bayanin zaman taronsu, kuma kada a tsaya ga watan da sunan ya bayyana, a koma baya da wata shida zuwa shekara guda, tunda shawara kan riga allo. Abin da ake fatan samu jimla ɗaya ce ko biyu: wane ya kawo shawara, wane ya goya baya, an amince. Wani lokaci dalilin yana nan a rubuce, wani lokaci yana cikin wasiƙar da aka maƙala a bayan fayil, daga iyayen yara ko dangin mamaci ko wanda ya ba da fili. A duba sunayen da aka kawo aka ƙi, don sukan faɗi abin da ake ja-in-ja a kai fiye da wanda ya yi nasara. Takardar mallakar fili ma tana da amfani, musamman in kyauta aka ba da filin da sharaɗin a sa sunan wani. Tsofaffin taswirori kuma su ne ke raba gardamar titi da makaranta.

Jaridun lokacin suna cike giɓi, musamman labarin bikin buɗewa, inda masu jawabi kan faɗi dalilin sunan a bainar jama'a. In jaridun suna kan intanet, kada a yarda da akwatin bincike ɗari bisa ɗari. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto tana ruɗewa da tsohon bugu, ta mai da wani harafi wani. A gwada sunan da kowace irin rubutawa da za a iya tunani, har da ta kuskure, domin akawun da ba ya jin harshen mutanen wurin yakan rubuta abin da kunnensa ya ba shi, kuma kuskurensa ya zama sunan hukuma. In an san watan, gara a buɗe jaridar shafi-shafi.

Sai dattawa. Ni a ganina ba a fara da su, ba kuma a bar su. In aka fara da su, labarin da ya fi daɗi yakan zauna a kai ya hana ganin abin da takarda ke faɗa. In aka bar su, an rasa abin da ba a taɓa rubutawa ba, kamar rigimar da aka yi, ko sunan da jama'a ke kiran makarantar da shi wanda ba ya kan kowane allo. A nemi tsofaffin ɗalibai maza da mata, malaman da suka yi ritaya, da waɗanda ba a cika tunawa da su ba, irin su maigadi, masinja da magini. A zauna da kowa shi kaɗai, minti 45 zuwa awa ɗaya, a nemi izininsa kafin a naɗi murya. In aka tara su wuri ɗaya, mafi girma ko mafi ƙarfin murya zai yi magana, saura su gyaɗa kai, a tashi da shaida ɗaya ana zaton biyar ce.

Yadda aka yi tambaya shi ke haifar da amsa. A fara da abin da zai kafa lokaci: “Baba, wace shekara kuka shiga aji ɗaya? Wa ke hedimasta a lokacin?” Sannan a ce, “Da wane suna kuke kiran makarantar?” Kada a ce, “Ai sunan wane aka sa mata, ko?” Dattijo mai kunya zai ce haka ne don kada ya ba baƙo kunya. Duk abin da aka faɗa, a bi shi da tambaya ɗaya cikin ladabi: “Kun gani da idonku ne, ko an ba ku labari?” In an ba su labari ne, wa ya ba su? Mutum uku da suka ji daga bakin malami ɗaya, shaida ɗaya ce. A roƙe su su rera waƙar makaranta in suna tunawa, domin waƙa takan riƙe tsohon suna shekaru bayan allo ya sake shi. A kuma tambaya ko suna da takardar shaidarsu ta kammalawa a ajiye, ita ma hujja ce mai kwanan wata.

Idan ta tabbata sunan mutum ne, saura a tabbatar wane mutum. Birnin Austin na Texas ya ba da darasi a kan wannan. Akwai firamare da ake kira Lee, asalinta Robert E. Lee, janar ɗin rundunar jihohin kudu a yaƙin basasar Amurka. A 2016 hukumar ilimi ta sauya sunan zuwa Russell Lee, wani mai ɗaukar hoto da ya yi fice da hotunan talakawan karkara a shekarun 1930, ya kuma koyar a jami'ar Texas. A bakin mutane makarantar tana nan Lee, jiya da yau, amma mutum biyu ne da ba abin da ya haɗa su sai harafi uku. Wanda zai zo bayan shekara hamsin ya ga Lee a takardar 1990 da ta 2020, in bai yi hattara ba zai ɗauka ba abin da ya canza. Irin wannan ruɗani yana faruwa da uba da ɗa masu suna ɗaya, da kuma sunan muƙami ko sarauta wanda mutane da dama suka riƙe bi da bi. Maganinsa a jera shekarar haihuwa, shekarar da mutumin ya yi suna, da shekarar rasuwarsa, a gefen shekarar da aka raɗa sunan. In makarantar ta riga shahararsa, ba shi ba ne. Hukumomi da yawa ma suna da ƙa'idar ba a sa sunan mai rai, ko sai bayan wasu shekaru da rasuwa, sanin wannan ƙa'ida kaɗai yana iya fitar da mutum ɗaya daga lissafi.

Intanet tana da nata sharri a wannan aiki. Za a ga shafi goma sun faɗi abu ɗaya, zuciya ta kwanta. A karanta su da kyau: in jimlar iri ɗaya ce, har da kuskuren rubutu iri ɗaya, to tushensu ɗaya ne, galibi wani ɗan littafin bikin cika shekaru da aka rubuta cikin gaggawa. Don kauce wa wannan, a ja layi biyar a littafin rubutu: abin da aka ce, inda aka samo shi, wanda ya rubuta ko ya faɗa, shekarar da ya rubuta, da tazarar da ke tsakaninsa da faruwar abin. Sannan a ba kowace magana matsayi cikin uku. Tabbatacciya ita ce wadda takardar lokacin ta faɗa, ko shaidu biyu da ba su ji daga juna ba. Mai yiwuwa ita ce wadda alamu suka nuna amma ba a ga takarda ba. Ta uku ita ce abin da ake faɗa kawai. Ba a zubar da ta ukun, ana rubuta ta da sunanta, domin labarin da mutane suka ƙaga game da sunan makarantarsu shi ma yana nuna abin da suke so ta zama.

Wata magana da ke ci mini rai ita ce yadda ake lalata takardun garin son gyara su. Salatif yana rawaya, dankonsa ya ratsa takarda ya ci tawada, kuma ba ya ciruwa. Liƙe tsohuwar takarda a cikin leda da injin zafi ya fi muni, don an gama da ita ke nan har abada. A wurin aiki fensir kawai ake riƙewa, ban da biro, ban da abin sha a kan tebur. A wanke hannu a shanya, kada a lashi yatsa don juya shafi. Littafin da bayansa ya bushe kada a danne shi ya kwanta shimfiɗe, a tallafe murfinsa da matashi ko naɗaɗɗen ƙyalle. A ɗauki hoton murfi da farko, sannan kowane shafi bi da bi, har da waɗanda ba komai a kansu, a hasken rana ba tare da walƙiyar kyamara ba. In da sikana ne, ɗigo 300 a kowane inci ya wadatar ga rubutu. A sa wa kowane hoto suna da shekara, wata da lambar shafi, in ba haka ba bayan mako biyu hoto 600 za su zama tsibi. A ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini daban. Asalin littattafan kuma a sa su a kwali mai murfi, a ɗaga su daga ƙasa da kamar santimita 15, nesa da bangon da ruwa ke duka, a riƙa leƙawa saboda gara, ɓeraye da danshi. Rajistar ɗalibai tana ɗauke da sunayen yara, ranar haihuwa da sunayen iyaye, wasunsu suna raye, don haka ba a watsa hotonta a Facebook. A yanko saman shafin da ke nuna sunan makaranta da shekara, shi ne abin da ake buƙata.

Idan aka zo rubutawa, abu biyu ake so. Ɗan littafi mai shafi biyu zuwa huɗu don malamai da iyaye, da allo a kusa da ƙofa mai kalma 80 zuwa 120, a kafa shi daidai idon yaro ɗan aji huɗu, a rubuta shi da harshen da zai gane. Allon ya faɗi wane ne mai sunan, shekarun rayuwarsa, abin da ya yi, wa ya zaɓi sunan da yaushe, da sunayen da makarantar ta taɓa amsawa. In a tarihin mutumin akwai abin da ba shi da daɗi, a faɗa. Ɗaruruwan makarantu a Faransa suna ɗauke da sunan Jules Ferry, saboda dokokinsa na 1881 da 1882 ne suka mai da firamaren gwamnati kyauta, suka kuma wajabta ilimi a kan kowane yaro. Shi ne kuma ya tsaya a majalisa a 1885 yana kare mamaye ƙasashen wasu da hujjar fifikon wani launin fata a kan wani. Duka biyun gaskiya ne. Allon da ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya ya rage wa yaro haƙƙinsa, kuma ranar da ya gano da kansa zai daina yarda da sauran abin da aka rubuta.

Wani lokaci binciken yakan kai jama'a ga sauya suna, kamar yadda birnin Richmond na Virginia ya yi a 2018, ya cire sunan J.E.B. Stuart, shi ma janar na rundunar jihohin kudu, daga wata firamare ya sa na Barack Obama. Wannan hukuncin na iyaye ne da hukuma, ba na mai bincike ba. Amma in an yanke shi, akwai ƙananan ayyuka da in aka manta da su sukan wahalar da mutane shekara da shekaru. Lambar rajistar makarantar a ma'aikata kada ta canza. A sanar da hukumar jarrabawa, banki, gidan waya da masu taswira a rubuce. A sassaƙa sabon hatimi, a ajiye tsohon a kulle maimakon a jefar. Hukuma ta fitar da wasiƙa ɗaya mai lamba da kwanan wata da ke cewa tsohon suna da sabo makaranta ɗaya ce, a ajiye kwafinta a ofishin hedimasta, domin tsohon ɗalibin da za a ce masa takardarsa ta makarantar da babu ita ce. Tsohon allon a sauke shi a hankali, a rubuta ranar saukewa a bayansa, a kai shi ɗakin ajiya. A ranar kuma hedimasta ya buɗe logbuk ya rubuta tsohon suna, sabon suna, hukumar da ta yanke shawarar, ranar zamanta, lambar wasiƙar, da dalilin da aka bayar, ya sa hannu.